Ƙunshin Fata Daga Bakin Teku

Yayana ya bar Haɗeja da jakuna biyu da kayan kanwa, ya bi fatake zuwa kudu, ya ce da kaka zai dawo. Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. A lokacin Nasara ba su iso ƙasarmu ba, labarinsu kawai muke ji a bakin matafiya. Wani maƙwabcinmu da suka tafi tare shi ya kawo mana labarin ƙarshe. Ya ce jakunan sun mutu a ƙasar Nufe, Yaya ya ƙarasa Ikko da ƙafa, ya ɗauki aikin soja wurin Nasara, kuma an zuba su a jirgi an bi teku da su zuwa wata ƙasa ta kurmi inda ake yaƙi. Daga nan shiru.

Mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙanensa Baffa ne ke riƙe da gida. Yaya shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma tambayar labarinsa a gaban mutane. In dole ta kama, sai ta ce "wancan". Ya bar matarsa da ciki, ta haifi namiji a bayansa, har yaron ya fara tafiya yana bin kaji bai san fuskar ubansa ba. Matar tasa 'yar wani ƙauye ce a hayin kogi, mai dariya da tsokana, kuma ni ne abin tsokanarta tunda ni ne ƙanen miji. Malam ƙarami take kirana. Ni kuwa a lokacin na sauke, ina karatun littattafai a zauren Malam a unguwarmu. Ba ni da yawan magana. Na fi sakewa da takarda da tawada, don su ba sa kallon mutum in ya yi tuntuɓen harshe.

A daminar da nake ba da labari ruwa ya cika sosai. Kogi ya fantsama cikin fadama har gonakin shinkafa suka zama shimfiɗa ɗaya, sai kawunan goruba ake hange, da masunta kwance a kan gora suna bin ruwa. Fatake masu nufin Barno suka tsaya a zango suna jiran 'yan fito. Cikinsu akwai wani falke Babarbare, dogo, mai jan haƙori saboda goro. Shi ne ya yi sallama a ƙofarmu wata rana da hantsi, ina zaune a zaure ina bitar karatu, Baffa na gyaran taru.

Bayan gaisuwa ya ce, "Nan ne gidan mai kanwa wanda ya tafi Ikko?"

Baffa ya ajiye taru. "Nan ne."

Mutumin ya kwance bakin jakarsa, ya fito da wani ƙunshin baƙar fata, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, an ɗinke shi ta ko'ina. Ya miƙa da hannu biyu.

Baffa ya ce, "Yana raye?"

"Wallahi, baba, ban taɓa ganinsa ba. Wani mai goro ya ba ni a Kano, shi ma wani ya ba shi a Bida. Abin da aka ce mini ke nan, a kai gidan uwarsa a Haɗeja. Kwana na yi ina tambaya a kasuwa kafin a nuna mini ƙofarku."

"Ba a haɗa da wata magana ba?"

"In an haɗa, ta faɗi a hanya kafin ta iso gare ni."

Aka kawo masa fura ya sha, ya yi addu'a ya tafi. Baffa ya daɗe yana juya fatar a hannunsa. Ya je yaƙi da ƙuruciyarsa, har yanzu akwai tabon kibiya a kafaɗarsa, kuma abin da ya sani shi ne wannan: in mutum ya faɗi a fagen fama, abokansa sukan cire layunsa su aika gida, don uwa ta san inda aka kwana. Mai rai ba ya rabuwa da layarsa a bakin daga. Ya yi salati, ya tashi ya shiga cikin gida, na bi shi.

Inna na zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Baffa ya ajiye fatar a gefen tabarmarta, ya ce, "Sai haƙuri. Layarsa ce ta dawo."

Mazarin ya tsaya. Ta dubi fatar, ba ta taɓa ba. Can ta sake murza mazarin a kan tasa, zaren ya ci gaba da fita. Matar Yaya ce ta saki muciya ta zauna a ƙasa inda take tsaye, yaron ya zo ya hau cinyarta yana jan ɗankwalinta.

Baffa ya yanke magana a ranar. Za a daka gumba a yi sadaka jibi, a aika hayin kogi a sanar da iyayen matar Yaya, ta shiga takaba. Kowa ya san abin da ke biyo baya. In ta fita takaba za ta koma gidansu da yaron, a rufe ɗakin Yaya, a raba gonarsa ta fadama.

Aka ba ni fatar in ajiye a gafakata, tunda laya ce, kuma ni ne mai alwala kullum. A nan na sami damar dubanta da kyau.

Lokacin da Yaya zai tafi, Malam ne ya rubuta masa layu, ni na kai su wurin baduku, na zauna har ya gama ɗinki. Jar fatar akuya ce mai laushi, ƙanana, kowace da maratayinta inda ake zura igiya. Wannan kuwa fata ce mai kauri da tauri, irin wadda ban taɓa gani a kasuwarmu ba, an ɗinka ta da zare mai kauri da aka shafe da kaki. Ɗinkin ma ba na baduku ba ne, wani taku dogo wani gajere. To, mutum yana iya sayen laya a baƙon gari, wannan bai isa hujja ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta da maratayi. Na juya ta sama da ƙasa, na bi gefenta da farce, babu ko alamar inda ya tsinke. Duk layar da na sani an yi ta don a rataya ta, a wuya ko a damtse ko a ƙugu. Wannan ba a yi ta don jiki ba. Da na matsa ta kusa da kunnena sai na ji motsin takarda mai faɗi da aka ninka, ba dunƙulen da aka naɗe da zare ba.

Na so in faɗa wa Baffa. Sau biyu ina zuwa bakin zaure ina tsayawa, in ga fuskarsa, in koma. Yaro ba ya gaya wa wanda ya ga yaƙi yadda saƙon yaƙi yake. Kuma laya ba a buɗe ta. Tun muna ƙanana aka gaya mana wanda ya buɗe laya ya kashe ta, wasu ma suna cewa abin da ke ciki yana komawa kan mai buɗewa. Ina jin ƙarar turmi daga cikin gida, mata na surfen geron sadaka.

Washegari bayan darasi, da sauran ɗalibai suka watse, na tsaya. Malam tsoho ne mai son raha, idonsa ya fara rauni. Ya ce, "Yau kuma lafiya? Ko littafin ne ya cije ka?"

Na fito da fatar na sa a hannunsa. Na faɗi abin da na gani, a hankali, ina kallon buzunsa. Ya shafa ta da yatsu, ya shinshina, ya matsa ta kusa da kunnensa kamar yadda na yi.

"Ashe kana da baki," in ji shi. "Ɗauko mini sandata."

Muka tarar da Baffa a zaure tare da dattawa biyu da suka zo gaisuwa. Malam ya zauna, ya yi addu'a, sa'an nan ya ce yana son a buɗe fatar kafin a sa yarinya takaba.

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, kai da kanka? A buɗe laya?"

"In ya rasu kamar yadda ka ce, ta gama aikinta, ba wanda za a cuta. In kuwa bai rasu ba, to ba layarsa ba ce aka cire. Ta kowace fuska ba mu yi asara ba."

"Na ga irin wannan da idona, ba sau ɗaya ba."

"Ka gani, ban musa ba. Amma ka taɓa ganin wadda ba ta da wurin igiya?"

Baffa ya karɓa ya duba. Ya daɗe. Daga baya ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ba za a yanka fatar ba, ɗinkin za a warware. In aka ga hatimi, ba za a karanta ba, a mayar a ɗinke yadda take. Kuma shi ba zai sa hannu ba. Dattawan nan biyu su ma suka ja da baya kaɗan a kan tabarma.

Malam ya ce, "Ni idona ba ya ganin zare. Ga mai hannun nan."

Aka shiga cikin gida don mata su shaida. Na zauna a bakin rumbu, na fito da 'yar wuƙar da nake feƙe alƙalami da ita. Kakin ya bushe ya riƙe zaren, sai da na riƙa ɗaga kowane taku da tsinin wuƙa ina ja. Ban tsinka ko ɗaya ba, don in ta kama a mayar, a mayar da zarensa. Matar Yaya na tsaye a bakin ɗakinta, ta goya yaron. Inna ta juya mana gefe tana kaɗi, amma na lura mazarin ba ya juyawa.

Da gefe ɗaya ya buɗe, na zaro wani tsumma mai maiƙo, a cikinsa takarda. Na buɗe ninki na farko ina addu'a a zuci kada in ga gidajen hatimi. Layuka na gani, a jere, rubutun ajami da hannun wani mai sauri. Na buɗe na biyu. A ƙarƙashin bisimilla an rubuta daga wane ɗan wane, zuwa ga baffansa da mahaifiyarsa.

Na ce, "Wasiƙa ce."

"To karanta mana, Malam ƙarami," in ji matar Yaya, "ko sai mun biya ka?" Tsokanar ta dawo.

Rabin takardar gaisuwa ce. Ya gaida Baffa, ya gaida Inna, ya gaida Malam, ya gaishe ni ya ce ko na fara magana. Ya gaida maƙwabta gida gida, da mai fiton da ke ƙetarar da shi kyauta, da tsohon jakin da ya bari, ya ce kada a ɗora masa kaya mai nauyi. A can ƙarshe ya ce a gaida mutanen ɗaki, kuma in an sauka lafiya a shafa masa kan abin da aka samu.

"Kun ji ko?" in ji ta. "Jaki ma ya riga ni." Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta shige ɗaki, ta sake fitowa don kada a ci gaba ba ita.

Ya ce yana lafiya. Faɗa ya ƙare, an fito da su daga kurmi, suna zaune a bakin teku suna jiran jirgin da zai mai da su Ikko. Ƙaya ta taɓa shiga ƙafarsa ta yi ruwa, amma ta warke. Ya ce shi da yake taƙama ɗan bakin kogi ne, ranar da jirgi ya shiga teku sai da ya amayar da abin da ya ci tun a Ilori, wani Bakano da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rijiya ba yana riƙe masa kai yana yi masa dariya. Kifin can gishiri ne zalla, tuwo kuwa sai a mafarki.

Sa'an nan ya faɗi yadda aka yi takardar ta samu. Ya ce duk lokacin da jirgi ya tsaya akan sauke wa Nasara jakunkuna cike da takardu daga ƙasarsu. Wani ya tsaya a kan akwati yana kiran suna, kowa ya karɓi tasa ya koma gefe yana karantawa, wani na murmushi, wani na share ido. Su kuma Hausawa suna zaune suna kallo, ba mai kiran sunansu. Sai wani a cikinsu ya ce ai su ma suna da iyaye. Akwai wani malami Bazazzagi da ke yi musu limanci, shi ya zauna a gindin kwakwa yana rubuta wa kowa, ana ba shi goro ko taba. Suka tara takardun suka ba wani da aka sallama saboda rauni, ya tafi da su Ikko wurin mai masaukin fatake, shi kuma ya riƙa raba wa ayari, ta Kano ga masu zuwa Kano, ta Sakkwato ga masu zuwa Sakkwato. Ya ce ruwan sama a can ba ya ɗaukewa, kuma ya san kogunan da takardar za ta ƙetara kafin ta iso, har da namu, shi ya sa ya yanki tsohuwar jakar harsashi ya ɗinke takardar a ciki da hannunsa. Ya gaya wa mai ɗauka ya ce a warware a karanta.

Baffa ya ce, "Ja'iri. Ya gaya wa mutum ɗaya, yana tsammani maganar za ta yi ƙafa ta iso da kanta." Ya share fuskarsa da hannun riga. Can ya ce, "Amma wannan lokacin da ya rubuta ne."

Malam ya tambaye ni watan da aka sa a ƙasan takardar. Na faɗa. Ya ce, "Ya rubuta bayan an ajiye bindiga, yana zaune yana ƙorafin tuwo. Abin da ya wuce wannan sai Allah, kamar ni da kai da muke zaune nan. Ba takaba a gidan nan."

A daidai lokacin wata tsohuwa daga bayan gidanmu ta shigo da kuka tun daga zaure, tana kiran sunan Yaya tana cewa ita ta yi masa wanka yana jariri. Sai da matar Yaya ta riƙe kafaɗunta tana cewa, "Iya, tsaya, yana raye, yana can yana cin kifi." Tsohuwar ta tsaya da baki buɗe, ta ce, "To ni yanzu ina zan kai kukan nan? Tun daga gida na taho da shi." Gidan ya ɗauki dariya, har dattawan da ke zaure suka leƙo.

Gumbar da aka daka ba ta ɓaci ba. Aka raba ta a ranar da aka sa, sai dai ta zama ta godiya. Ɗan aiken da zai ƙetara kogi ya ƙetara, da wani labarin daban.

Inna ta bari sai da mutane suka watse. Da la'asar, gida ya yi shiru, ta kira ni ta ce in sake karanta mata wurin da wancan ya yi maganar jaki, don ba ta ji da kyau ba. Na ce zan fara daga sama don kada in ɓata layi. Ta ce to. Na karanta a hankali, na bi ta kan gaisuwarta ban ɗaga kai ba. Washegari ma ta ce ba ta gane abin da ya ce a yi wa jakin ba. Haka muka riƙa yi har takardar ta fara tsagewa a ninki, na kwafe ta a sabuwa.

Falken nan bai ƙetare ba tukuna, ruwa bai ja ba. Ya ce shi gabas ya nufa, amma ya haɗa mu da wani madugu mai komawa Kano da fatu, wanda ya san mai goron. Na zauna rubuta amsa. Baffa ya faɗi nasa, yawanci faɗa ne a kan barin sana'a a bi Nasara. Malam ya sa addu'a. Matar Yaya ta ce in rubuta namiji ne, ya ɗauko kunnuwan ubansa, Allah ya sa kada ya ɗauko hankalinsa. Na tambaye ta in rubuta haka ɗin? Ta ce har da wasali.

Na juya wurin Inna. Ta ce ba ta da magana. Na jira, alƙalami a hannu. Can ta ce, "Ka ce ruwa ya cika bana. Shinkafarsa ta yi. Za a ajiye masa."

Da aka zo naɗewa Baffa ya ce a kai wa baduku ya ɗinke a fata, don hanya da ruwa. Matar Yaya ta dafe ƙirji. "Baffa, a sake? Su ma can su ce wani ya mutu?" Amma ba wata dabara, takarda tsirara ba za ta kai Ikko ba. Sai na roƙi badukun ya ba ni farar fata wadda ba a rina ba. Bayan ya ɗinke, na rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe cewa wasiƙa ce, a warware a karanta, da sunan mai ita da inda za ta. Na juya ɗaya gefen na sake rubutawa. Na bar ta ta bushe, na bi ta kai da tawada karo na biyu. Madugun ya duba ya ce ko makaho ya san wannan ba laya ba ce.

Ta isa. Yaya ya dawo bayan damina biyu, a rame, yana ɗan ɗingishi, da akwatin ƙarfe a kan jaki. Farar fatar na cikin aljihunsa, ta yi baƙi da dauɗa, rubutuna ya kusa gogewa. Ya ce ranar da mai masauki ya kira sunansa a tsakar zango, sai da ya waiwaya ya ga ko wani ake nufi. Ɗansa ya gudu ya ɓuya a bayan uwarsa, ita kuma ta ce wa Yaya ya je ya fara gaida jakinsa tukuna.

Inna ba ta fito tarbarsa ba. Ya je bakin ɗakinta ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa daga ciki a taƙaice kamar jiya ya fita. Amma tun da aka ce an hango shi a ƙofar gari ta sa aka buɗe rumbu, aka ɗebo daga dammunan da ta hana kowa taɓawa. Tuwon shinkafa ta tuƙa da kanta, da miyar kifin kogi, ta miƙo mini akushin ta ce, "Kai wa wancan."